Hanyar da Gero Ya Cinye

Tun ranar da likita a Dutse ya gaya mini ɗana Abba yana da sikila, na koma mai kallon sama. In hadari ya haɗo daga gabas, sauran mata kwashe shanya suke yi, ni kuwa hanya nake bi a zuciyata. An ce mini sanyi yana tayar da ciwon, kuma in ya tashi ba a jira. To mu a Kwarin Ɗinya muke, tsakanin Kiyawa da Dutse, kuma ba a bakin titi ba. Baban Abba facin taya yake yi a Dutse, sai Juma'a yake zuwa gida. Daga ni sai surukata Inna muke kwana mu tashi. Abin da na yi ta juyawa a raina shi ne, in ciwon ya tashi ranar da aka tafka ruwa, wa zai kawo mana mota, kuma ta ina zan ce masa ya biyo? Lokacin ba abin da ya faru tukuna. Yaron yana ta rarrafensa yana damƙar ƙasa yana kaiwa baki. Amma tambayar ta ƙi sakina, kuma ita ce ta jefa ni aikin taswira.

Domin ku samari da 'yan mata masu shigowa aikin nan yanzu nake wannan rubutu. Kwanan baya na ji wani a cikinku yana cewa, ai wannan ko yaro zai iya, hoto ne ka kalla ka bi da yatsa. Ni ma haka na ɗauka da farko. Ga wanda bai san aikin ba kuwa, a taƙaice haka yake: akwai wata taswira a intanet da ba ta da mai ita. Kowa yana iya shiga ya zana gida, ko hanya, ko rijiya, ko asibiti, kowa kuma yana iya gyara abin da wani ya zana. Ba a biyan kowa. In an zana, sai masu buƙata su ɗauka su yi amfani da shi.

A layin ganin likitan sikila na haɗu da wadda ta koya mini, Anti Rifkatu. Mutuniyar Filato ce, tana aiki a wani ofishin gwamnati a Dutse, ita ma 'yarta tana da ciwon. Muna zaune a benci ta tambaye ni daga ina nake. Da na faɗa mata, sai ta ciro wayarta ta buɗo wani hoto da aka ɗauka daga sama, ta miƙo mini.

"Maman Abba, nuna mini gidanku."

Na duba, na juya wayar, na sake dubawa. Ɗige-ɗige kawai nake gani kamar an watsa wake a faifai.

"Anti, wannan ba garinmu ba ne."

Ta yi dariya ta ce, "Garinku ne. Ke dai ba ki taɓa ganinsa ta ka ba."

Da ɗinyar bakin masallaci na fara ganewa. Daga ita na bi da ido zuwa rijiya, daga rijiya zuwa dangar maƙwabcinmu, sai ga rumbunanmu a jere da ɗakin Inna mai rufin ciyawa. A taswirar kuwa, da ta kashe hoton, ba komai a wurin. Fari fat, ko sunan garin babu. Na ce mata, to in mai mota ya duba nan me zai gani? Ta ce abin da na gani shi zai gani.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai waya mai shafawa, tsohuwar wayar Baban Abba ce, fuskarta da tsagu a kusurwa. Akwai ledar burodi da nake naɗe ta saboda ruwa da gumi. Akwai mai caji na garinmu da ƙaramin injinsa, in bai tayar ba ranar ba aiki. Sai data, sai kuma tudun bayan firamare, don nan ne kaɗai sabis yake tsayawa. Karatuna a aji shida ya tsaya, saboda haka kalmomin Turancin da ke cikin manhajar ba karanta su na fara yi ba, haddace siffarsu na yi, kamar yadda ake gane mutum daga nesa da tafiyarsa. Duk ranar da muka je asibiti sai na biya gidan Anti, ta zaunar da ni a tabarma, yaranmu suna wasa, tana duba abin da na yi.

Ɗakin Inna shi ne abu na farko da na zana, kuma shi na fi daɗewa a kai. Yatsana kauri gare shi, in na ɗora ɗigo a kusurwa sai ya sauka a tsakar gida. Na koyi buɗa hoton sosai kafin na taɓa. Na koyi raba rufi da inuwarsa, don inuwa tana yaudara, ka zana ɗaki ya fito ribi biyu. Na koyi cewa akwai wasu can da ban taɓa gani ba, masu bin bayana suna duba abin da na zana. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya bar mini saƙo, Anti ta fassara mini, wai in riƙa miƙe kusurwoyin gidajena. Na ce, "Anti, ki gaya masa maginin ne bai miƙe ba." Ta ce ba za ta faɗa ba, in dai miƙe na gidajen bulo, na ƙasa kuma in bi yadda suke. Ita ta fi ni gane siffa a hoto, ni kuma na fi ta sanin wane zagaye ne ɗaki, wane ne rumbu, wane ne turken awaki. A haka muka daidaita.

A farkon kowace shekarar bature muna haɗuwa a tsakar gidan Anti, ƙarƙashin darbejiya, mu 'yan sa-kai na yankin Dutse. Kowa ya tashi ya faɗi abin da ya ɗaukar wa kansa zai yi kafin shekara ta zagayo. Alkawarin shekara muke ce masa. Ba mai tilasta ka, amma ka faɗa a gaban mutane, kuma baɗi za a tambaye ka. A zamana na farko, wani ɗalibi mai suna Sunusi ya miƙe ya ce shi bana dubban gidaje zai zana, daga Buji har Ringim. Aka tafa masa. Na gaba ya ɗora a kan nasa. Da aka zo kaina, kunya ta hana ni faɗin ƙaramin abu, na ce zan zane duk gidajen ƙauyukan da ke kewaye da mu. Kuma na yi. Ina daka ina zane, ina shayarwa ina zane. Kafin ruwa ya sauka, farin wurin nan ya cika da gidaje.

Hanyar garinmu kuwa tare da Anti muka zana ta, tun da zafi. A hoton ta fito fes, farin layi daga titi, ya ratsa fili, ya miƙe har bakin masallaci. Ta tambaye ni, "Wannan ce hanyarku?" Na ce ita ce, don ko a safiyar ranar ta nan ɗan acaɓa ya fito da ni.

Ranar da ciwon Abba ya tashi, tsakiyar damina ce, bayan azahar, an yini ana yayyafi. Hannunsa da ƙafarsa suka kumbura, ya ƙi yarda ko zani ya taɓa shi. Baban Abba ya tafi Kano sayen kayan faci, wayarsa ba ta shiga. Na hau tudun firamare na kira Anti. Ta ce in shirya shi, ga ta nan a adaidaita, ba sai na yi mata kwatance ba tunda akwai taswira. Muka jira. Inna tana riƙe da shi tana cewa, "Yi haƙuri mijina, yi haƙuri," don sunan marigayi mijinta ya ci. La'asar ta yi. Na sake hawa tudun, sai ga kiran Anti.

"Maman Abba, muna kan layin, amma ba hanya! Gero ne a gabanmu, ya fi mai adaidaitar tsawo!"

Ina jin muryar direban ta bayanta yana cewa, "Madam, ni fa ban iya tuƙi a kan kunya ba."

Nan take na gane inda suke. Gonar Baba Alhaji ce. In an girbe, kowa ta cikinta yake yankewa, babura da amalanke su take ta har ta zama hanya. Da ruwa ya sauka sai ya sa garmar shanu ya nome ta. Mu kuma sai mu koma zagayawa ta gindin tsamiya, mu haye kwalbati, mu fita titi can gaba. Ba wanda yake sanar da wannan a garinmu, ƙafa ce take sauyawa da kanta. A amalanken maƙwabcinmu Malam Ado muka fitar da Abba, muka same su a titi gab da magariba. An yi masa ƙarin ruwa da allurai, muka kwana biyu aka sallame mu. Likitan ya ce a gaba mu riƙa saurin kawo shi.

A bakin gadon asibitin Anti ta buɗe hoton muka ƙura masa ido. Ba kore ko ɗaya a cikinsa. Ta ce ai dole, da damina gajimare yana rufe ƙasa, don haka hotunan da suka fito sarai yawancinsu na rani ne. Wato duk wanda ya zauna a ɗaki ya bi hoto da yatsa, garin rani yake zanawa. Busasshen rafi zai ɗauka titi ne. Burtalin shanu zai ɗauka hanyar mota ce. Gonar da aka girbe zai ratsa ta da layi. Mu kuwa masu marasa lafiya, da damina muke neman hanya.

Da shekara ta zagayo aka zauna ƙarƙashin darbejiya, na ce ni bana ba gida ko ɗaya. Hanyar damina zan yi, ta garinmu da ta ƙauyuka uku, kuma da ƙafa zan bi su. Wayar tana da wannan dabara, in ka kunna ta kana tafe, tana bin sawunka tana barin layi. Sunusi ya ce, "Hanya huɗu kacal, Hajiya? Ai wannan aikin yini ne." Anti ta ce masa, "To kai ka je ka yi a yini, amma ka tafi da takalmin roba."

Faɗin abu a Dutse daban, yinsa a Kwarin Ɗinya daban. Matar aure a garinmu ba ta ɗaukar mayafi ta kama hanya haka kawai. Da na gaya wa Baban Abba, bai hana ba, amma ya ce, "In mutane suka tambaye ni ina matarka za ta, in ce musu me? Ta tafi auna hanya?" Inna tana tankaɗe tana jin mu. Ita ta warware maganar.

"Ke 'yar nan, wa ya taɓa hana mace zuwa barka? Wa ya hana ta suna ko gaisuwar rasuwa? Ki sa abar taki a leda ki bi ni."

Daga nan na samu yadda nake tsara shekarata har yau. Kafin zaman darbejiya, sai na zauna da Inna mu bi dangi ƙauye-ƙauye. Wace ce take da ciki, kuma wata nawa ne? In haihuwar za ta faɗo cikin damina, wannan ƙauyen ya shiga alkawarina. In da rani za ta sauka, Allah ya raba lafiya, amma hanyarta sai wata shekara. Ranar da na bayyana wa 'yan taro haka, sai da Sunusi ya riƙe ciki don dariya. Anti ta ce, "Ke taswirarki a bayan ungozoma take tafe." Akwai ma shekarar da muka sa wata amarya ta Gidan Barau a lissafi, muka manta cikin fari ne. Da watanta ya kama aka mai da ita gidan iyayenta wankan gida, sunan ya koma wani gari. Inna ta ce laifina ne, na ce ita ce babba.

Sunan da aka yi a Gidan Tsamiya shi ne tafiyata ta farko, kuma ta zagayen tsamiya da kwalbati ake zuwa can. Na kunna wayar a ƙofar gida, na naɗe ta a leda, na soke ta a bakin zanin goyo ta sama, don in ta nutse cikin jaka layin yana karkacewa. Ba a sauri, ba a kuma yanke. In Inna ta ratse gaida wata ƙawarta, sai na tsayar da wayar, in ba haka ba gobe direba ya tsinci kansa a zauren mutane. Duk inda ƙasa ta sauya sai na tsaya na sa alama. Nan yashi ne, babur zai wuce, adaidaita za ta kafe. Nan laka ce mai santsi. Nan ruwa yana kwanciya bayan an yi mai ƙarfi. Abin da ido bai ba ni ba, masu amalanke nake tambaya, don su ne suka san inda sa yake turjewa. Mun isa an riga an raba waina. Matan gidan suka ce me ya tsayar da mu, Inna ta ce, "Wayarta ce take gaisawa da kowace kwata." Da na dawo na hau tudun firamare na tura. Tsohon layin gonar Baba Alhaji ban cire shi ba, na dai rubuta a kansa cewa da rani kawai ake bi.

Masu amfani da aikinmu ba ma ganinsu, wannan ma sai mutum ya saba. Mai ɗinki yana ganin rigarsa a jikin mai ita, mu ba haka ba. Sau ɗaya dai wasu mata masu rigakafi suka shigo gidanmu takalmansu a bushe, na tambaye su wa ya nuna musu zagayen tsamiya. Babbarsu ta ɗaga waya ta ce wannan ce. Na ba su ruwa suka sha.

Shekarar ambaliya ce mummunar shekarata. Na yi alkawarin ƙauyuka biyar, ko ɗaya ban kai ba. Ruwa ya yi ta zuba ba hutu, katangu suna faɗuwa, sunaye aka riƙa yi a ɗaki ba taro. Wata safiya Malam Ado ya dawo da amalankensa ya ce kwalbatin ya tafi, ruwan ramin da ya bari ya kai ƙirjin mutum. Wannan kwalbatin shi ne ƙashin bayan layina na farko na damina, wanda na fi ji da shi. A makon aka yi rasuwa a Gidan Tsamiya, gini ya faɗa wa wani dattijo. Masu amalanke sun riga sun buɗe wata sabuwar hanya ta kan jigawa, ta bayan maƙabarta, mai nisa amma busasshiya, tana fita titin Kiyawa wajen wata tsohuwar kuka. Ta nan muka bi zuwa gaisuwa, waya tana soke a zanina. A can bakin titi na samu sabis. Na tura sabon layin. Sannan na buɗe tsohon, na yanke shi a daidai kwalbatin, na rubuta ba a wucewa. Ban taɓa goge aikina ba sai ranar. Na gaya wa Baban Abba a waya cewa kwalbati ya karye, amma kafin na kwatanta masa sabuwar hanyar sabis ya ɗauke, shi kuma ruwa ya hana shi zuwa gida.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Abba ya tashi da ciwon ƙirji yana numfashi sama-sama, idonsa ya yi fari. Injin mai caji ruwa ya shige shi tun tuni, wayata saura ƙiris. Na hau tudun firamare da gudu. Baban Abba ya ɗauka, na ce, "Abba ne, ku taho da mota," sai wayar ta mutu a hannuna.

Malam Ado ya ɗaura shanu, muka shimfiɗa Abba a kan bargo. A bakin masallaci hanya ta rabu, ya ja igiya ya waiwayo.

"Ina muka nufa?"

Inna ta ce, "Kwalbati mana. Nan ubansa ya sani, nan zai tsaya. In ya so maza su haye da yaron a ka."

Na ce, "Inna, ruwan nan ba ya hayuwa da mai ciwon ƙirji. Mu bi ta jigawa."

"In muka ɓulla can su kuma suna nan fa? Da wace wayar za ki kira su?"

Abin da na sani kawai, Baban Abba ba shi da mota, wurin Anti zai nufa, ita kuma tun ranar geron nan ba ta ƙara kama hanyar ƙauye ba sai ta duba abin da aka sauya a taswira. Na ce, "Malam Ado, jigawa." Inna ta ciro carbinta.

Tafiyar ta yi tsawo. Shanu suna nutsewa a yashi, ni ina tafe a gefe na riƙe ƙafar yaron. Da muka wuce maƙabarta na fara hango kan kukar, amma gindinta gero ya tare. Sai da muka sha kwanar ƙarshe na ga wata farar mota a tsaye, ƙofar baya a buɗe, Baban Abba yana tahowa da gudu wandonsa a naɗe. Sunusi ne a sitiyari, motar yayansa ya aro. Anti tana tsaye da waya a hannu.

Muna cikin mota Baban Abba ya ce, "Ni kwalbati na ce a nufa. Anti ce ta ce, matarka ba za ta yanke layinta ta zana wani a banza ba, inda sabon ya ƙare nan za ta ɓullo."

Inna ta ce, "Ai dama ni ma abin da na faɗa ke nan." Ba wanda ya musa mata.

An yi wa Abba ƙarin jini a ranar. Yanzu yana aji biyu a firamaren da nake hawa tudunta.

A zaman darbejiya na bayan ambaliya, da aka tambaye ni alkawarina na bara, na ce ban cika ko ɗaya ba, abin da na yi shi ne goge layi guda da zana guda. Tun daga lokacin alkawarina kashi biyu ne. Akwai sabuwar hanya, gwargwadon masu cikin da Inna ta lissafo. Akwai kuma komawa kan tsofaffin layukana bayan ruwa ya kankama, in ga ko har yanzu gaskiya suke faɗa. Na biyun ba ya sa a tafa wa mutum, don ba ya ƙara komai a taswira. Sunusi har yanzu yana zana dubban gidajensa, kuma ana buƙatarsu, sai dai yanzu yana ware hanya ɗaya ta wajen Buji da yake bi da babur a watan marka.

Ga roƙona gare ka, kai da za ka miƙe bana ka faɗi naka alkawarin. Cikin duk abin da za ka lissafa, ka sa hanya ɗaya da ake fitar da marar lafiya ta kanta. Ka jira ruwa ya sauka gero ya tashi, ka bi ta da ƙafarka, sannan ka zana. In kuma wata rana ka biyo ta Kwarin Ɗinya ka tarar layina ya daina faɗin gaskiya, kada ka ji nauyina. Ka goge shi, ka zana inda ka ga mutane suna bi.